Tsumma Mai Ƙulli

Da a ce wani ya tare Baba Famfo a gindin matakala da safen nan ya ce masa ya koma kicin, abin da yake gudu yana cikin aljihunsa, da ba zai ji ba. Ya riga ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu don kada a ji takunsa. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya fara hawa.

An hana shi hawa benen nan. Ɗan kwangilar da ke gina gidan ya faɗa masa a gaban ma'aikata tun ranar da ya yarda ya ɗauki ɗansa Babba aiki: banɗakin sama na Babba ne shi kaɗai. In ya gama shi lafiya, zai tafi da shi sabon ginin da za a fara, ya tsaya da ƙafarsa, ba ɗan rakiyar ubansa ba.

"Amma in na ga inuwarka a ƙofar banɗakin nan, kai da shi ku kama gabanku," in ji shi. "Ni ba asibiti na buɗe ba."

Kowa ya san abin da yake nufi. Babba ne ɗan fari, ya doshi talatin, kuma hannunsa ya fi na uban tsabta a aikin famfo. Shekarun baya kansa ya taɓu. Ya daina barci, yana kara kunne a bango yana cewa ana kiran sa daga cikin bututu. An kwantar da shi a asibiti, aka sallamo shi da ƙwayar da yake sha kowace safiya. Duk tsawon ciwon, kowa ya tambayi Baba Famfo mai jiki, amsarsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko ranar da ƙarti suka danne Babba suka sa shi a mota, da sauƙi ya ce. Da Babba ya fasa tagar maƙwabci, uban ya ce shi ne ya buge ta da tsani. Da ya bar famfo a buɗe a gidan mutane, uban ya ce shi ya manta. Shi ya sa a wuraren gini ba wanda ke kiran Babba da wani suna sai Da-Sauƙi.

Yanzu kam sauƙin ya samu da gaske. Abu ɗaya ya rage masa, wanda likita ya koya masa: duk abin da ya gama sai ya faɗa da bakinsa, don ya tabbata ya yi. Za ka ji shi yana aiki yana cewa ƙasa-ƙasa, na rufe, na ɗaure, na duba. Mai tayil, wani gajere mai baki kamar reza, yakan amsa masa daga lungu da "Madalla, ɗalibi," sauran su kwashe da dariya.

Bahon da Hajiya mai gidan ta sayo ba irin wanda ake mannawa jikin bango ba ne. Fari ne sol, kamar an raba ƙwai biyu, kuma a tsakiyar ɗaki zai tsaya shi kaɗai. Ba bangon da zai ɓoye masa bututu. Ruwansa ta ƙasa zai fita, ta baki ɗaya da aka bari a daɓe, in kuwa bakin ya kauce da faɗin yatsa biyu sai an fasa tayil. Babba ya auna, ya sake aunawa, ya ba bututun gangara, ya sa lanƙwasar da ke riƙe ruwa don hana wari tasowa. Yau za a ɗora bahon, da la'asar Hajiya ta zo ta gani.

Baba Famfo ya san ɗansa ya sauka neman majiya ƙarfi da za su ɗauko bahon. Leƙawa kawai zai yi, haka ya gaya wa kansa.

Aikin ya yi kyau har ya ji ƙwalla na neman taruwa masa. Sai idonsa ya faɗa kan bakin bututun. A buɗe yake. Babba ya cire murfin robar da ke bakin, ga tocilarsa da bokiti a gefe, alamar ya haska ciki ya zuba ruwa ya gwada. Amma mai tayil ya bar tarin ɓaraguzan siminti daf da wurin, da tsintsiya jingine, ya tafi shan shayi. In ya dawo ya yi shara ɗaya, rabin tarin a cikin bututu zai ƙare, siminti kuwa in ya kwana a lanƙwasa ya zama dutse.

Hannunsa ya shiga aljihu kafin zuciyarsa ta yi shawara. Tsumma ne, yanki daga tsohon zanen matarsa, shuɗi mai ɗigon rawaya. Ita ta yayyaga zanen ta raba musu, rabi a jakar uba rabi a jakar ɗa. Baba Famfo bai taɓa toshe bututu ba sai ya ƙulla bakin tsumman, ya bar ƙullin a waje, yadda ko makaho zai taɓa ya san da abu a ciki. Babba bai taɓa ɗaukar wannan ɗabi'a ba. Ya ce aikin mutanen da ne, shi murfin roba yake sawa.

Baba Famfo ya ƙulla, ya durƙusa, ya cusa. Zai faɗa wa Babba a kunne in sun haɗu a matakala, shi ke nan.

Sai ya ji muryar ɗan kwangila tana hawowa, yana zagin wani a waya.

Abin da ya zo masa kawai shi ne shuɗin tsumman nan a kan farin tayil, yana ihu cewa tsoho ya shigo. Ya sa babban yatsa ya danna. Ƙullin ya shige, ya ɓace. Ya faɗa ɗakin da ke kusa ya laɓe bayan ƙofa, takalma a ƙirji. Da ɗan kwangila ya wuce, ya sulale ƙasa.

Bai gama sa takalmi ba aka kira shi. Wata babbar mota ta taka bututun da ke kawo ruwa daga titi, ruwa na ambaliya a bakin get, kuma in ba a gyara ba tanki ba zai cika ba, ba za a sami ruwan nuna wa Hajiya baho ba. Ɗan kwangila ya tsaya a kansa yana nuna masa rami da ƙafa. Daga cikin taɓo Baba Famfo ya hango su suna shiga da bahon, mutum huɗu suna nishi, Babba a gaba yana tafiya da baya yana cewa a hankali, a hankali.

Zai iya fitowa daga ramin ya kira shi. Amma ɗan kwangila na tsaye. Kuma me zai ce? Na hau na duba aikinka? Bayan yaron ya roƙe shi daren jiya, a gaban uwarsa, ya ce, Baba, don Allah wannan karon ka bar ni? Sai ya shiga lallashin kansa. Ai Babba zai sake haskawa. Ai ko bai haska ba, tsumma ne ba dutse ba, ƙarfin ruwa zai tafi da shi. Mutumin da ya yi furfura yana zaƙulo tsummokara daga magudanar mutane, shi ne yake gaya wa kansa haka, yana naɗa zare a haɗin bututu.

Da azahar Babba ya sauko ya zauna kusa da shi a inuwar katanga. Fuskarsa a sake, irin sakin da uban ya daɗe bai gani ba. Ya ba shi labari tiryan-tiryan: sun kishingiɗar da bahon, ya kwanta ya zura hannu ya haɗa bututun roba da bakin daɓe ta hanyar lalube, don ba wurin sa ido, sun tayar da shi, ya zuba ruwan bokiti ya shige, ya zagaye gindin da gam ya shafe da yatsa. Ya ce ko uwarsa ta ga layin gam ɗin za ta ce da allura aka yi.

"Ka sake haskawa kafin ka haɗa?" Baba Famfo ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"Na haska da safe, Baba. Na faɗa da bakina." Ya yi ɗan murmushi. "Ka ga, ka fara."

Uban ya yi lissafi a ransa. Ruwan bokiti ɗaya, ai tsumma yakan sha ya bar shi ya tsiyaye. Baho cike kuwa wani zance ne.

Hajiya ta iso da la'asar tare da wata ƙawarta, suna ɗage riguna daga ƙura. Ɗan kwangila ya rikiɗe ya zama wani mutum, murya ta yi laushi, baya ya ɗan ranƙwafa. Ya sa aka tara ma'aikata a ƙofar banɗakin, har Baba Famfo, ya ce yau kowa ya zo ya ga aiki. An cika bahon da ruwan da uban ya gyara wa hanya da hannunsa. Ƙawar ta ce wannan ai ba baho ba ne, gadon sarauta ne. Hajiya ta naɗe hannun riga, ta danna matoshin da kanta.

Ruwan ya juya, ya sauka kamar faɗin tafin hannu. Sai ya yi wani gurnani a ƙasa, ya tsaya.

Suka jira. Kumfa ɗaya ta taso ta fashe. Mai tayil ya yi tari irin na mai danne dariya. Babba ya durƙusa ya kara kunnensa a jikin bahon don ya ji inda ruwan ya maƙale, abin da kowane mai famfo zai yi, amma mai tayil ya zunguri na kusa da shi ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, an fara kiran sa daga ciki."

Daga ƙasa mai fenti ya yi kira. Ruwan da ya rasa hanya ya ture haɗin roba a ƙarƙashin baho, ya bi ramin daɓe, ya sauka cikin silin falo. Kafin su gangara, farin silin ya yi wani kumburi mai launin shayi, yana ɗiga kan sababbin kujerun da ba a ma cire musu leda ba. Suna tsaye wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo daɓas.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi wanda ya yi aikin. Ta kuma tambayi abin da mai tayil ke nufi da ana kiran sa. Mai tayil ya ce shi ba ya shiga abin da ba ruwansa, sannan ya shiga har wuya: asibiti, ƙwaya, tagar maƙwabci, har da wasu abubuwan da ba su taɓa faruwa ba. Ƙawar ta matsa bayan Hajiya, ta rungume jakarta.

"Mahaukaci ka saka mini a ɗakin da zan tuɓe?" in ji Hajiya.

Ɗan kwangila ya rantse tausayi ne ya ja masa. Da suka koma sama ya huce a kan Babba. Ya hana kowa taimaka masa. Babba shi kaɗai ya kwashe ruwan da bokiti yana kai wa masai, yana dawowa, mutane sun yi layi a bango suna kallo kamar an zo wasa. Shi kaɗai ya sa wuƙa ya yanke layin gam ɗin da ya ce uwarsa za ta yaba. Da ya ɗauko wuƙar, Hajiya ta ja da baya har ƙofa, mai tayil ya ce a bi shi a hankali, yau da alama ba a sha ta safe ba.

Aka kishingiɗar da bahon. Babba ya lanƙwasa bakin waya ya zura cikin bututun, ya juya, ya jawo. Tsumman ya fito yana ɗiga, shuɗi mai ɗigon rawaya. Wani irinsa na leƙowa daga aljihun wandonsa na baya, kowa ya gani.

"Ban sa tsumma ba," in ji Babba. Muryarsa ba ta rawa. "Murfi na sa. Na cire, na haska, na zuba ruwa. Na faɗa da bakina."

"Ka faɗa da bakinka," ɗan kwangila ya maimaita, yana kallon jama'a. "To aljanu ne suka yayyaga zanen uwarka suka cusa?"

Aka yi dariya, har da mai fenti wanda ba ya dariya. Babba ya dubi tsumman da ke hannunsa, ya jawo na aljihunsa ya haɗa su. Baba Famfo yana kallon fuskarsa, ya ga lokacin da abin ya canza. Ba kunya ba ce, ba fushi ba. Irin kallon nan ne na mutumin da ya taka inda ya san akwai mataki ya ji babu. Leɓɓansa suka motsa ba sauti: na cire, na haska. Ya sake farawa daga farko.

Ɗan kwangila ya juyo. Ya ce ga tsohon hannu nan, wanda ya bi umarni bai hau ba, shi zai yi hukunci. Ya dafa kafaɗar Baba Famfo ya turo shi gaba har gwiwarsa ta taɓa bahon.

"Kai ka haife shi, kai ka koya masa. Faɗa wa Hajiya tsakaninka da Allah. Mai hankali zai haɗa bututu da tsumma a ciki?"

Maganar tana bakinsa, ya ji nauyinta a kan harshe. Sai ya hango su biyun a bakin get da jakunkuna, ya hango gidan da ba mai fita aiki, da kwalbar ƙwayar da ta kusa ƙarewa a kan taga. Ya hango kuma idon Babba in ya ji cewa ubansa ya tuɓe takalmi ya bi bayansa kamar mai gadin ɓarawo. Ranar wanka ce, amma ya ɓoye cibi.

"Mantuwa ce, yallaɓai," ya ce. "Kowa yana mantuwa."

"Da sauƙi ke nan," in ji mai tayil.

Wannan karon dariyar har Hajiya ta ɗan taya. Ɗan kwangila ya ce Babba ya tattara kayansa, kada ya sake ganin sa ko a kan titin gidan. Ya ce Baba Famfo zai haɗa bahon gobe da safe, tunda an ga wanda ke da kai. Ya sa mai gadi ya zazzage jakar Babba a ƙasa a bakin get, a gaban mai shayi da masu jiran mota, wai a duba ko ya manta da wani abin Hajiya a ciki. Babba ya tsuguna ya tsince sifanu ɗaya bayan ɗaya. Bai ce na ɗauka ba, bai ce na duba ba.

A bas suka sami kujerar baya. Rana ta yi ja a kan rufin shaguna. Wata mata a gabansu tana faɗa da kwandasta kan buhun da ya danne mata ƙafa. Babba na jikin taga, jakarsa a cinya, jiƙaƙƙen tsumman a hannunsa yana ta juya shi tsakanin yatsu. Sun wuce kasuwa, sun wuce gadar sama. Sai da suka kusa unguwarsu ya yi magana, idonsa a waje.

"Baba, gobe in ka gama bahon ka raka ni asibiti. Kada a gaya wa Inna tukuna." Ya sake juya tsumman. "Ina ganin kaina ina haskawa, tar nake gani. Wancan karon ma haka nake ganin komai tar."

Nan Baba Famfo ya faɗa. Ya faɗi duka, da sauri, kalma na hawa kan kalma: takalman a hannu, ɓaraguzan siminti, tsintsiya, muryar ɗan kwangila, babban yatsa. Ya ce kanka lafiya lau, ni ne, wallahi ni ne. Matar da ke gaba ta waiwayo ta dube su ta juya.

Babba ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ɗora hannu a gwiwar uban, a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya.

"Tagar maƙwabci ma kai ne, Baba. Famfon gidan mutanen nan ma kai ne." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ka huta haka nan. Ka daina ɗaukar mini."

"Ƙullin," in ji Baba Famfo. "Dubi ƙullin. Kai ba ka ƙulla tsumma. Ni kaɗai nake yi, ka sani."

Ya fizge tsumman daga hannun ɗansa, ya baza shi a kan cinyarsa. Ba ƙulli. Bakin ya ɗan tattare, ya yi ƙwanƙwasa, amma duk tsumman da aka jawo da waya daga lanƙwasa haka yake fitowa. Ya juya ɗaya bakin, ya sake juyawa. Babba ya riga ya mayar da fuskarsa taga.

Kwandasta ya buga jikin mota ya kira sunan tasharsu. Suka sauka, ɗan a gaba, uban a baya da tsumma a hannu. Daga bakin layi ana hango Inna a ƙofar gida, ta sa hannu a goshi tana tare rana, tana jiran labarin baho.

Ko ƙullin ya kwance ne a cikin bututu, ko yatsun Babba ne suka kwance shi a bas ba da saninsa ba, ko kuwa ya gan shi tun a banɗaki ya gane hannun wanda ya ƙulla ya kwance shi da gangan, Baba Famfo bai sani ba. Bai kuma san abin da zai ce wa matar da ke tsaye a ƙofa ba in ta tambaye shi ya jikin yaron.